Zuwa ga Sarkin Olsa na Kebbe

Ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga bawansa, wadda ba a miƙewa tsaye a yi ta. Labari ya iso Tambuwal cewa ka yi wa kanka naɗi, ba tambari ba algaita, ba kuma da sanin hakimi ba. Wai yanzu kai ne Sarkin Olsa na Kebbe da kewaye, tun daga Kuchi har Margai. An ce babu taron suna ko na aure da za a fito da akushi ba ka riga kowa wanke hannu ba, kana dafe da ƙirji kana cewa, "Ku yi man haƙuri jama'a, olsa gare ni, likita ya hana ni zama da yunwa." Na bi dangi gida-gida ina tambaya, ban samu ko mutum ɗaya da ya taɓa raka ka wurin likitan nan ba. Wanda na samu shi ne yaron kyamis ɗin bakin tasha, wanda ya ce in dai ya hango ka tafe, tun kafin ka yi sallama yake miƙa hannu kan kantar omeprazole.

Mu nan garin Buhari ɗan Shehu ne, mun gaji bincike kafin magana. Ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da ke kansa, sai da ya zauna ya rubuta littattafan magani, har da na basir da na ciwon ido. Gwaggo ta tashi a cikin wannan tarbiyya, aure ya kai ta Kebbe, ta haifo mana kai, mutumin da ke gano ciwonsa da kansa, ya rubuta wa kansa magani, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cin tuwo sau biyar a yini. Tunda hakkin bawa yana wuyan ubangidansa, zauna in karanta maka abin da ke cikin aljihunka, don na san shi sarai. A na dama akwai goro da katin omeprazole. A na hagu akwai kwalbar farin ruwan nan mai kauri da kuke kira Mist Mag, da ƙullin jar kanwa. A aljihun gaba kuma, inda kake ɓoye wa uwargida kuɗin cefane, akwai ƙullin ƙwayoyi masu launi-launi da kake kira haɗin gajiya. Wannan na ƙarshen zan dawo kansa, don shi ne ɓarawon da ke cikin gida.

Tumbin ɗan Adam yana tsatso ruwan narka abinci wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace rana, naka kuwa Allah kaɗai ya san adadinsa. A cikin ruwan akwai asid mai ƙarfi, shi ke fara narka nama, shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da mutum ke haɗiyewa tare da abinci. Abin da ya hana shi cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi da Allah ya shafe bangon ciki da shi. A saman tumbi kuma, inda hanyar abinci ta sauko daga maƙogwaro, akwai zoben tsoka da ke buɗewa loma ta wuce, ya sake tsukewa. Idan zoben nan ya yi sako-sako, ko aka cika tumbin har ya rasa inda zai sa kansa, sai asid ya yi sama, ka ji ƙirji na zafi, ruwa mai tsami na taso maka har baki. Wannan shi ne ƙwannafi. Gyambon ciki kuwa miki ne na gaske, a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, inda yauƙin ya kasa kare nama. Ciwo biyu ne daban, kuma da yawa daga masu kukan olsa, in aka zura na'ura aka duba cikinsu, ba a ganin miki ko ɗaya. Akwai kuma ciwo na uku da ba a rubuta shi a katin asibiti: mutum ya share malmala uku da miyar kuka, ya bi da soyayyen kifi da tonka, ya kora da fura, ya miƙe a tabarma kafin a kira isha'i. Ban ambaci sunan kowa ba.

Kai manomin fadama ne, don haka bari in zo maka ta inda za ka gane. Idan ruwa ya yi wa fangalin albasa yawa, ko dai ka ɗauki ƙwarya ka kwalfe wanda ya riga ya kwanta, ko ka je ka kashe injin ban ruwa. Mist Mag da Gestid da danginsu aikin ƙwarya suke yi: suna kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya zubo, ka ji sauƙi cikin mintoci kaɗan, bayan awa ɗaya ko biyu kuma ka koma inda kake. Omeprazole shi ne mai kashe injin. Yana shiga jini, ya je ya toshe ƙananan famfunan da ke fitar da asid a bangon tumbi. Shi ya sa ba ya aiki nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ƙarfinsa ya cika. Kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ne ya fito da shi a 1988, kuma ban ji an ce sun yi shawara da mutanen Kebbe a kan yadda za a sha shi ba.

Ga yadda kake yi, kamar yadda amaryarka ta ba ni labari tana dariya har da hawaye. Sai ka ci ka yi nak, ƙirji ya ɗau wuta, sannan ka ɓallo kafso biyu ka watsa a baki, ka zauna kana jiran mu'ujiza. In ta yi jinkiri ka ce, "Wanga magani jabu na." Maganin lafiyarsa lau, mai shan ne jabu. Omeprazole yana kama famfunan ne a lokacin da suka tashi aiki, abinci ne kuma ke tashe su. Don haka ake shan sa da safe, ciki wayam, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin kari, yadda zai riga ya isa cikin jini lokacin da kunu da ƙosai za su sauka. Na san minti 30 ba abinci a gabanka daidai yake da zaman kurkuku, amma haka ƙa'idar take. An kuma ce wani lokaci kana buɗe kafson ka tauna 'yan ƙwayoyin da ke ciki tare da goro, wai don ya fi saurin ratsa jiki. Waɗannan 'yan ƙwayoyin an lulluɓe kowace da rufi na musamman don ta tsallake asid ɗin tumbi ta isa hanji lafiya. Da ka tauna, ka fasa rufin, asid ya lalata maganin tun bai fara aiki ba. Ga goron kuma yana ƙara tsatso asid. Ka biya kuɗi ka sayi magani, ka kashe shi da haƙoranka, ka kuma ɗora masa abokin gaba a kai.

Allurar olsa da kake zuwa kana roƙo a yi maka duk ranar kasuwa, ita ma ka bar ta. An tanade ta ne don wanda ke kwance a asibiti, cikinsa na zubar jini ko ba ya iya haɗiya. Mai iya haɗiye tsire sanda goma ba ya cikinsu.

Kanwa kam ba zan ce ba ta aiki ba, kakanninmu ba wawaye ba ne. Tana kashe tsami, kuma gyatsar nan mai ƙara da kake saki a cikin mutane kana cewa ciwo ne ke fita, iska ce da ke tashi idan kanwa ta gamu da asid. Matsalarta gishirin sodiyam da ke cike da ita, wanda ke riƙe ruwa a jiki, ya hau da jini, ya wahalar da zuciya da ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka kuma danganta abin da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Kai ba jego kake ba, ko da yake mai kallon tumbinka daga nesa zai iya yi maka barka, amma hawan jini ya riga ya kama kawunanka biyu, kuma ka san haka. Nono da madara ma da kake kwankwaɗa da dare suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ya ƙara zubo asid. A nan ba kai kaɗai ka ɓata ba. Wani likitan Amurka mai suna Bertram Sippy, a 1915, ya ɗora masu gyambon ciki a kan madara kowace awa tare da garin kashe tsami, aka shekara da shekaru ana bin tsarinsa, wasu majinyatan har ƙodarsu ta taɓu. Da a Kebbe aka haife shi, da kun ba shi sarauta.

Sauran sharuɗɗan ƙwannafi ba su da tsada, sai dai sun fi ƙarfin halinka: rage loma, bar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ɗaga kan gado da bulo, kwanta ta gefen hagu in ya taso, rage shayi mai kauri da taba da maiƙo, sassauta tazuge. Malamai sun sha karantar da mu raba ciki kashi uku. Kai ka haɗe kason ruwa da na numfashi ka ba tuwo.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A ce ma da gaske miki ne a cikinka, to me ya kawo shi? Kai ka ce yunwa. Duk Kebbe babu mai shaidar ranar da yunwa ta taɓa samun ka a gida. Tonka da tarugu kuma suna tsokanar miki in yana nan, amma ba su ke haƙa shi ba. Manyan masu laifi biyu ne, kuma omeprazole shi kaɗai ba ya korar ko ɗaya daga cikinsu.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda ke shiga mutum galibi tun yana yaro, ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta, ta lafe a ƙarƙashin yauƙin tumbi tana raunana shi shekara da shekaru. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a farkon shekarun 1980. Manyan likitocin duniya suka yi musu dariya, don kowa ya yarda babu abin da zai rayu cikin asid. Da Marshall ya ga ba a saurare shi, a 1984 sai ya dama ƙwayoyin cutar ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka duba aka tarar tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ka ga wanda ya fi ka ƙarfin halin haɗiye abin da bai kamata ba, sai dai shi ya fito da lamba, kai kuwa sai gyatsa. Ƙwayar nan ta yi mana yawa a arewa: binciken da aka yi a Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya same ta a jikin fiye da mutum 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Yawancin masu ɗauke da ita ba ta yi musu komai, amma wanda ta yi wa miki, in ba a kashe ta ba, mikin zai warke da omeprazole ya sake dawowa, ya warke ya dawo, yaron kyamis yana gina shago na biyu. Tun 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da ke jawo dajin tumbi.

Maganinta na kwana 14 ne: omeprazole ko ɗan'uwansa safe da yamma, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, irin su amoxicillin da clarithromycin, ko wani haɗin da likita ya ga ya fi dacewa. Sharaɗin shi ne a shanye duka. Na san halinka, kwana huɗu za ka ji sauƙi ka ajiye sauran a saman taga don baƙo. Wanda ya yi haka ya koya wa ƙwayar yadda za ta jure maganin, zagaye na biyu sai ya fi tsada da wuya. Mako biyu na haƙuri, a gwada da shekarun da ka kwashe kana ciyar da kyamis.

Mai laifi na biyu yana aljihunka na gaba. Haɗin gajiyar nan da kake karɓa duk yamma in ka dawo daga gona, ka taɓa tambayar abin da ke ciki? Yawanci za ka tarar da diclofenac, ko ibuprofen, ko piroxicam da kuke kira felbin, wani lokaci biyu daga cikinsu a ƙulli ɗaya, a ƙara da dexamethasone don jiki ya yi sakayau. Garin Alabukun da kake bi da shi in kai ya sara, asfirin ne da kafeyin. Duk waɗannan, in ka cire kafeyin da kuma dexamethasone da ke ƙara musu mugunta, hanyar aikinsu ɗaya ce: suna toshe sinadarin da ke kai saƙon ciwo, kuma wannan sinadarin shi ne ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare shi. Gwiwa ta yi shiru, bangon ciki ya zauna tsirara a gaban asid. Sannan kana shan su ba ka ci komai ba, lokaci ɗaya tak a yini da cikinka ke zama wayam. Da safe kana lallashin tumbi, da yamma kana yi masa ɓarna, ka kuma zo taro kana neman a tausaya maka a ƙara maka nama. Idan jiki ya yi tsami, paracetamol ba ya cin ciki in an tsaya a ƙa'idarsa. Idan ciwon gaɓoɓi ne na kullum, wannan maganar likita ce, shi zai san abin da zai haɗa maka da abin da zai kare cikin.

Shi kansa omeprazole ba goro ba ne da za a ci har tsufa ba tambaya. Wanda ya saya da kansa don ƙwannafi, mako biyu aka ce, in bai daina ba ya nemi likita. Gyambon ciki kuma makonni huɗu zuwa takwas ake ba shi. Akwai waɗanda likita ke ɗora su a kansa shekaru saboda dalili, wannan daban. Amma shan sa shekara da shekaru ba dalili yana iya rage sinadarin B12 da magnesiyam a jiki, ya ƙara haɗarin karayar ƙashi ga tsofaffi, ya kuma buɗe wa cututtukan gudawa hanya, tunda an kwantar da mai gadin ƙofa. Ranar da ka yanke shi kwatsam kuma asid zai yi ambaliya na 'yan kwanaki ko makonni, ka ce olsa ta dawo, ka koma kyamis da gudu, alhali janyewa ake yi sannu a hankali. Farin ruwan nan ma yana da nasa: yana riƙe wasu magunguna a ciki ya hana su shiga jini, irin su ciprofloxacin da tetracycline da maganin ƙarin jini, don haka ake raba su da aƙalla awa biyu. In kuma wani ya zaro maka ranitidine daga tsohon kwali ya ce shi ne mai ƙarfi, ka mayar masa. Amurka ta janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari mai alaƙa da ciwon daji da aka samu a cikinsa, ƙasashe da yawa ma sun dakatar da shi. Kowane kwali ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, in idonka bai gani ba ka ba ɗanka na firamare ya karanta maka.

Sai azumi. Na lura olsarka tana da ilimin taurari: tana kwantawa duk shekara, ta farka daidai daren da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Ramadan, ta kuma warke sarai da safiyar Sallah kafin a sauke tukunya. Akwai masu gyambon da azumi ke yi wa haɗari da gaske, musamman wanda cikinsa ya taɓa zubar jini, kuma shari'a ta ba su rangwame in likita amintacce ya faɗa. Mai ƙwannafi kuwa galibi yana azuminsa lafiya in ya sha kafsonsa kafin sahur, ya kuma daina buɗe baki da ƙosai goma sha biyu da kunun tsamiya kofi uku. Fatawar yaron kyamis ba ta ɗauke farilla.

A nan zan ajiye wasa kaɗan, don Gwaggo ba ta da wani ɗa namiji sai kai, kuma ni ba ni da wani bawan. Babban haɗarin maganin rage asid shi ne yana iya rufe bakin ciwo alhali ciwon na ci gaba a ɓoye. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin yana wari fiye da kima, ko ka yi aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, ko loma ta fara tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa ba dalili, ko jiri na ɗibar ka tafin hannunka ya yi fari, kada ka tsaya neman kanwa. In ciki ya murɗa farat ɗaya ya ƙame ya yi tauri, wataƙila mikin ne ya huda, wannan aikin tiyata ne na gaggawa, ko tsakar dare ne a nemo mota. Zafin ƙirjin da ya zo da zufa, yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, yana iya zama zuciya ce, kuma an yi asarar mutane da dama suna kurɓar farin ruwa suna jiran gyatsa. Kai kuma ka haura hamsin, ko da kana rina gemu.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Ka zo Tambuwal mu fara da babban asibiti, a auna jininka, likita ya saurari tarihin aljihunanka uku, kuma ka faɗi gaskiya a kan haɗin gajiya don ina tsaye a bayanka. In ya ce a gwada Helikobakta, gwajin bayan gida ko na numfashi shi ke nuna ko tana nan yanzu, na jini yana iya nuna tsohon sawu ne kawai. Sai ka bar omeprazole mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba ƙwayar ta lafe a ce babu ita, kuma a tsakanin nan an yarda ka kurɓi farin ruwanka. In ya tura mu Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake zura siririyar na'ura mai fitila ta baki a leƙa tumbi, tafiyar kusan kilomita 100 ce daga nan, kuma ana zuwa ne ba a ci komai ba tun dare. Zan zauna kusa da kai a mota, don na san abin da zai faru in muka tsaya a Shagari masu tsire suka kewaye mu.

Kuɗin mota ni zan biya, in cire daga kuɗin sharar watan cika-ciki mai zuwa, wata ɗaya tilo da ka fi kowa riƙo da al'adarsa. In an ga miki, zan kai ka gida da kaina, in tsaya a kanka har ka shanye maganin kwana 14, in kuma roƙi dangi su riƙa ba ka haƙuri a gaban akushi. In kuwa aka leƙa aka tarar da tumbi lafiya lau, sai faɗi da ya yi, to takardar sakamakon ba hannunka za ta shiga ba. Zan ba sanƙira ita ya karanta a sunan farko da za a yi a Kebbe, kafin a fito da abinci.